Yadda Sabon Shiga Zai Fara Gyaran Fuska da Reza Mai Baki Biyu

Leƙa zabirar wanzamin da ke zama a gindin darbejiya ranar kasuwa ka gani: aska, fatar wasa ta, guntun sabulu, sai ɗan ƙoƙon ruwa. Da waɗannan yake aske kan mutum ƙwal, har rana ta riƙa ƙyalli a kai. Don haka idan ka kalli bidiyon Turawa a YouTube, kowa da teburinsa cike da sabulai da kwalabe, kada gabanka ya faɗi. Yawancin tarkacen nan sha'awa ce kawai.

Abu huɗu za ka nema. Na farko gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake kwancewa gida uku a sa reza a tsakiya a ɗaure. Tun 1904 King Gillette ya yi wa irinsa rajista a Amurka, kuma har yau fasalinsa bai sauya sosai ba. Sai fakitin reza mai baki biyu, sai sabulun aski (Arko na Turkiyya yana da araha kuma yana kumfa), sai buroshi. A kan buroshi ka tsaya ka karanta kwalin, domin cikin na gashin dabba akwai na gashin alade. Sayi na zaren roba, ka huta da waswasi. Ya kuma fi saurin bushewa. Idan ka ƙara da ɗan dunƙulen alif, wanda ake kwantar da laka a ruwa da shi, da man kaɗanya, to kayanka sun cika.

Kafin reza ta taɓa ka, bar gashin ya yi kwana biyu ko uku, sannan ka shafa fuskarka da yatsa. Inda ka ji santsi, nan gashin ya kwanta. Inda ka ji kaushi, kana tayar da shi ne. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma a wuya ba shi da alƙibla, wani ya yi gefe, wani ya yi sama, wani ma ya murɗe kamar tsakar kai. Haddace wannan, shi ne rabin aikin.

Ranar aski, fara da ruwan ɗumi. Bayan wanka ya fi, lokacin gashi ya sha ruwa ya yi laushi. In ba haka ba, jiƙa tawul ka ɗora minti biyu zuwa uku. Daga nan jiƙa buroshi, yarfe ruwan, murza shi a kan sabulu kamar daƙiƙa 30, ka kai fuska kana zagayawa, kana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan. Kumfar da ake so mai kauri ce mai sheƙi kamar kindirmo. Idan ta yi manyan ƙwayoyi irin na ruwan wanki, ruwa ya yi yawa, koma kan sabulu. Idan tana bushewa tana tsagewa a fuska, ƙishirwa take ji.

Yanzu riƙon. Ɗora kan gidan rezar a kumatu, mariƙin yana kallon waje, ka riƙa sauke mariƙin a hankali har ka ji baki ya fara cin gashi, kar-kar-kar. Wajen digiri 30 ke nan, amma kunnenka ya fi lissafi. Kada ka danna ko kaɗan. Wanda ya saba da na roba na yi-ka-yar, hannunsa ya koyi dannawa, kuma a nan ne jini ke fitowa. Nauyin ƙarfen ya isa. Ja gajere-gajere, juya ɗaya bakin, ɗauraye, ci gaba. In kana ajiye gemu, layin kumatu da ƙarƙashin haɓa kaɗai za ka bi, aikin ma ya ragu.

Bi kwanciyar gashi, sau ɗaya, ka tsaya. Na san za ka shafa ka ji saura, zuciya ta ce koma ka tayar da shi. Kada ka biye mata. Gashinmu murɗaɗɗe ne. Idan aka yanke shi ƙasa da fata, tsininsa yakan lanƙwasa ya soki fatar daga ciki yayin tsirowa, shi ne ƙurajen askin nan da ke mamaye wuya da ƙeya su bar baƙin tabo. Shi ya sa ma ba na son a ja fata a miƙe ta tamau. Ni kaina wata Juma'a ina sauri na tayar da gashin wuya don in yi tas, sai ga ɗige-ɗigen jini a wuyan farin kaftani, ga lokacin huɗuba ya ƙarato. Sati guda ina sosa. Idan dole sai ka ƙara, sake shafa kumfa ka bi ta gefe, kada reza ta hau busasshiyar fata. Wajen maƙogwaro kuwa, ja fatar gefe kaɗan ka aske, kada ka haye ƙashin.

Da ka gama, ɗauraye da ruwan sanyi. Jiƙa alif ka goga. Yana tsayar da ɗan jinin ƙananan yanka, kuma ba ya munafunci: duk inda ya yi maka raɗaɗi, nan ka danna, sai ka kiyaye gaba. Bar shi kamar rabin minti ka wanke, domin yana busar da fata. Narkar da man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa a tafin hannu ka shafa, musamman da hunturu. Turaren jiki ba maganin bayan aski ba ne, zafi kawai zai ƙara maka.

Reza ɗaya takan yi aski uku zuwa biyar. Da ta fara fizgar gashi, canza ta. Kada ka yi tarayya da kowa a kanta, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, domin ciwon hanta nau'in B da HIV suna bin jini. Tsohuwar kuma kada ta tafi kwandon shara tsirara, akwai yara, akwai masu tonon bola. Huda gwangwanin madara ka riƙa zurawa ciki.

Tsawon wata guda kada ka sauya komai, reza iri ɗaya, sabulu ɗaya, aski sau biyu ko uku a mako. Idan ka canza abu uku a tare fuska ta yi zafi, ba za ka san mai laifi ba. In ƙuraje sun riga sun kumbura suna ruwa, ajiye rezar sai sun warke, in sun ƙi kuma ka ga likitan fata.