Yadda ake auna saurin ƙwallo ba tare da agogo ba

Duk abin da aka ɗaga sama yana da makamashi a ajiye. Da an sake shi, makamashin ya koma na motsi. Za ka iya ganin wannan da idonka, har ka fitar da lissafinsa, da tebur da gangara kawai.

Ka tanadi ƙaramar ƙwallon ƙarfe irin ta cikin boris, da katako mai santsi tsawon santimita 50, da tef na awo, da farar takarda, da takardar kabon, da zare mai ƙusa ɗaure a bakinsa.

Jingina katakon a kan littattafai yadda inda za ka saki ƙwallon zai ɗara saman teburin da santimita 20. Bar filin santimita 10 tsakanin gindin gangarar da bakin tebur, domin ƙwallon ta fita a kwance. A nan ne aka fi kuskure. Idan katakon ya haɗu da teburin da kusurwa mai kaifi, ƙwallon za ta yi tsalle ta zubar da makamashi, don haka a manna kwali mai ɗan lanƙwasa a mahaɗar.

Sako zaren daga bakin tebur, ka yi alama inda ƙusar ta nuna a ƙasa. Daga nan awo zai fara. Auna tsayin teburin. In santimita 80 ne, faɗuwar za ta ɗauki √(2 × 0.8 ÷ 9.8), wato kusan daƙiƙa 0.40. Wannan 9.8 ɗin shi ne yawan mitocin da jan ƙasa ke ƙara wa saurin abu mai faɗuwa a kowace daƙiƙa, kuma saurin da ƙwallon ta taho da shi a kwance ba ya sauya lokacin faɗuwa ko kaɗan.

Shimfiɗa takardar a ƙasa, kabon a samanta. Saki ƙwallon sau biyar daga wuri ɗaya, kada ka tura ta. Auna nisan tsakiyar tabon da ta bari, ka raba da 0.40. Saurinta ke nan.

Lissafi mai sauƙi yana cewa saurin √(2 × 9.8 × 0.2) ne, mita 1.98 a daƙiƙa, don haka ta sauka a nisan santimita 80. Ba za ta kai ba. Za ka same ta wajen santimita 67 ko ƙasa da haka. Mutane kan ɗora laifin a kan gugar katako da iska, amma nasu kason ƙarami ne. Ƙwallon mirginawa take yi, ba zamewa ba, kuma kashi 2 cikin 7 na makamashin yana tafiya ne wajen juya ta. Abin da ya rage shi ke ba da mita 1.67 a daƙiƙa. In ka bi da ita ta cikin kwari kamar na tsakiyar rula, juyawar za ta ci fiye da haka.

Ga momentam kuwa, wato nauyi sau sauri, ajiye wata ƙwallon mai nauyi ɗaya daidai bakin tebur, ta farko ta buge ta tsakiya da tsakiya. Ta biyun za ta kwashe kusan duk saurin ta sauka kusa da tabon farko, amma ɗan baya kaɗan, saboda wani makamashin ya zama ƙara da zafi. In ta kauce gefe, bugun bai zo a tsakiya ba, sai a gyara zamanta a sake.