Yadda za ka dawo da ƙarfin mota mai turbo a zafin Legas

Motar da ke tashi kamar kibiya da asuba a kan gadar Third Mainland, ita ce da ƙarfe biyu na rana za ka taka mata totur a titin Ikorodu ta yi nauyi kamar an loda mata buhunan albasa a Mile 12. Kada ka yi saurin cewa turbo ya mutu. Aikinsa matse iska ya tura cikin inji, iska kuwa in an matse ta zafi take yi, ta yi sako-sako. Duk ƙarin digiri 10 yana rage kaurinta da kusan kashi 3 cikin 100. Idan zafin ya wuce kima, kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, sai ta jinkirta wutar fulogi ta rage matsin turbo don kada inji ya fara ƙwanƙwasa. Da gangan take rage maka ƙarfi.

Fara da intakula, wato ƙaramin lagireton da ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji. A motoci da yawa yana can ƙasa bayan bamba, jere da kwandensar esi da babban lagireto. Haska tocila ta ramin bamba ka duba: ƙura, busasshen taɓon damina, ƙwari, har ledar fiya wata a manne. Jira inji ya huce, ka wanke da tiyo mai sauƙin ƙarfi, daga baya zuwa gaba in hannu zai kai. Hana yaran wankin mota kusanto da injin feshinsu, domin yana lanƙwasa siraran haƙoran alminiyon ya toshe hanyar iska gaba ɗaya. A gosulon Oshodi ko Apapa ba iskar tafiya, fanka kaɗai ke aiki, saboda haka kunna esi mota na tsaye ka tabbata fankar ta tashi.

Sai tiyoyin da suka haɗa turbo da intakula. Zafi yana busar da roba ta tsage, kilif ya saki. Alamarsa ƙarar huci idan ka taka, da danshin mai a bakin mahaɗa. A jona na'urar OBD2, wadda ke karanta matsalolin da kwamfutar motar ta gano: lambar P0299 tana nufin matsin bai kai yadda ake so ba, kuma sau da yawa tiyo ne, ba turbo ba. Kafin wani ya aike ka kasuwar kayan mota ta Ladipo sayen turbo tokumbo, a gwada tiyoyin da hayaƙi ko iska tukuna.

Baƙin mai shi ne ran turbo. Sandarsa tana juyi sama da sau 100,000 a minti, man inji ne kuma ke shafa ta yana kwashe zafinta. Zuba cikakken sintetik mai lambar da littafin motar ya faɗa, galibi 5W-30 ko 5W-40, wasu sababbi 0W-20. Mai kauri irin 20W-50 da ake cewa "ya fi dacewa da zafin ƙasarmu" jinkirin isa turbo yake yi. A canza da filtarsa duk kilomita 5,000, don awannin da inji ke ci a tsaye cikin cunkoso mita ba ta ƙirga su. Bayan gudu mai tsawo, misali ka shigo daga Ibadan, bar inji ya yi sulo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, in ba haka ba man da ya tsaya cikin turbo ya ƙone ya zama gawayi.

A lagireto, rabi kulan, wato sinadarin sanyaya inji, rabi tataccen ruwa, ba ruwan rijiya ko na famfo mai kawo tsatsa ba. Kada ka yarda a cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, al'adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu. In an cire shi, injin ba zai tsaya a zafin da aka tsara masa ba, sai ya riƙa shan mai fiye da kima. In tamostat ɗin ya lalace a sa sabo, a duba murfin lagireto ma.

Buɗe murfin tankin fetur ka karanta. Motocin Jamus da yawa fetur mai lambar oktan 95 suke nema, wato ma'aunin yadda mai ke jure matsi ba tare da inji ya yi ƙwanƙwasa ba. Idan man da ka samu bai kai ba, daina taka totur har ƙasa da tsakar rana, musamman a babbar giya mota na tafiya a hankali. Fulogi kuma a sa irin wanda kamfani ya rubuta, yawanci iridiyom, domin tazarar bakinsa in ta buɗe wuta tana ɗaukewa daidai lokacin da turbo ya cika.

Filtar iska a duba ta duk wata lokacin hunturu. Buɗaɗɗiyar filtar nan mai siffar mazurari da samari ke sawa don jin ƙarar inji, iskar cikin bonet mai zafi take zuƙa. In kuma aka sauke ta ƙasa neman sanyi, ruwan da ke kwanciya a titunan Lekki a watan Yuni zai iya shiga inji ya lanƙwasa kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin.