Kurakuran da ƙananan hukumomi a Amurka ke yi da kwangilar JOC

A 1982 wani injiniyan sojan Amurka, Harry Mellon, yana aiki a hedkwatar NATO da ke Beljiyam, ya gaji da yadda ƙaramin gyara ke cin watanni kafin a gama tallar kwangila. Sai ya fito da tsarin da yanzu ake kira JOC (Job Order Contracting), wato kwangilar da ake ba da ayyukanta ɗaya bayan ɗaya da takardar umarni. Hukuma takan zaɓi ɗan kwangila sau ɗaya, ta ba shi kundin farashi mai ɗauke da kuɗin kowane ƙaramin aiki, daga fentin bango zuwa sauya famfo. Abin da 'yan kwangila ke gasa a kai shi ne lambar da za a ninka farashin kundin da ita. Idan kundi ya ce dala 100, wanda ya ci da 1.15 zai karɓi 115. Daga nan duk gyaran da ya taso, takardar umarni kawai ake rubutawa. Birane da gundumomi da hukumomin makarantu sun rungumi tsarin saboda saurinsa, kuma wannan saurin ne ke sa wasu sakaci.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne murna da lamba mafi ƙanƙanta. Wanda ya ce zai yi aiki a kan 0.70 ya yi alkawarin karɓar ƙasa da abin da kaya da lebura za su ci masa, kuma ba sadaka ya zo yi ba. Zai nemo kuɗinsa ta wata ƙofa: ya ƙara awon bango, ya zaɓi layi mai tsada a kundi alhali mai rahusa ya dace, ko ya ce aikin ba ya cikin kundi. Binciken da mai binciken kuɗi na birnin Long Beach a Kalifoniya ya fitar a 2016 ya gano irin wannan: lambobi ƙasa ainun, ga kuma ayyukan da aka biya ba bisa kundi ba. Araha ba ta ado. Kafin a sa hannu, a ɗauki tsofaffin ayyuka biyu ko uku da aka san ainihin kuɗinsu, a lissafa su da lambar da aka kawo. In lissafin bai tsaya ba, a nemi bayani a rubuce.

Waccan ƙofa ta "ba ya cikin kundi" tana buƙatar mai gadi. Dokar jihar Washinton ta hana irin waɗannan ayyuka su wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin kowane umarni. Ko inda doka ta yi shiru, ina ganin ya kamata hukuma ta sa wa kanta iyaka, ta kuma nemi farashi daga masu sayarwa uku. Abin da ya yi ta maimaituwa, a shigar da shi kundi.

Sai tsallake zagayen haɗin gwiwa, wanda shi ne zuciyar tsarin. A ce banɗakin makaranta za a gyara. Jami'in hukuma da ɗan kwangila su shiga tare da tef ɗin awo, su ƙirga tayil ɗin da ya fashe, su buɗe silin su duba ko bututun da ke sama yana yoyo, su yarda wa zai kwashe ɓaraguzai, da ko aikin sai bayan yara sun tashi. Duk abin da ba a rubuta a ranar ba, zai dawo da sunan ƙarin kuɗi. Idan farashin da ɗan kwangila ya lissafa ya iso, mutumin da ya yi zagayen ne zai bi shi layi-layi, yana riƙe da awon da shi ya ɗauka da hannunsa. Hukumar da ba ta da ma'aikacin da ya iya karanta kundi ta horar da shi tukuna. In ba haka ba, ɗan kwangila ne ke rubuta wa kansa farashi.

Akwai kuma masu cusa babban gini cikin tsarin da aka yi don gyara. Dokar Kalifoniya ta bai wa gundumomi damar amfani da shi wajen gyara da kwaskwarima, ban da sabon gini. A Teksas, umarnin da ya haura dala 500,000 sai majalisar hukumar ta amince. Yanka aiki ɗaya gida uku don kauce wa wannan iyaka yaudara ce, kuma masu bincike na gane ta daga kwanan wata da adireshi.

Kundin kansa yana tsufa. Farashin ƙarfe da katako ya yi tashin gwauron zabo a 2021, kuma wanda aka ɗaure da tsohon farashi sai ya riƙa jan ƙafa ko ya rage inganci. A rubuta tun farko yaushe za a sabunta kundin da kuma ma'aunin da za a bi, a tabbatar farashin na yankin ne, domin kuɗin lebura a birnin Siyatil na jihar Washinton ba ɗaya yake da na ƙauyen Teksas ba.