Yadda Nake Ɗibar Majinar Alade Don Gwajin Mura

Binciken da masana ke yi a kan ƙwayar cutar murar alade a ɗakin gwaji, sau da yawa da ɗan tsinken ɗibar majina da aka zura a hancin alade yake farawa. In tsinken nan ya lalace a hanya, an yi aikin banza. Wannan ne aikina a gonakin aladu na kudancin Kaduna, inda kasuwar Katsit kusa da Kafanchan ke tara aladu daga ko'ina. Alade kuwa maƙogwaronsa na karɓar murar tsuntsaye, yana karɓar ta mutane, har biyun su cakuɗa a jikinsa. Murar H1N1 da ta ɓulla a Meziko a 2009 ta karaɗe duniya, daga aladu asalinta yake.

Kafin ka shiga ɗakinsu, sa takunkumi, safar hannu da takalmin roba. In kai kanka mura kake yi, kada ka shiga sam, domin mutum ma yana sa wa alade.

Zaɓen alade shi ne inda aka fi kuskure. Mai gona zai nuna maka wanda ya yi mako biyu yana tari, don shi ya fi ba shi tausayi. Ka ce masa, "Baba, wanda ya kwanta jiya nake nema." Cutar ta fi fita a majina cikin kwanakin farko, bayan mako guda kusan ta ƙare. Ka auna zafin jiki. Wanda ya haura digiri 40 kuma majinarsa tsararo ce, shi ne naka.

Wani ya riƙe maka shi kansa ya ɗan ɗaga. Goge ƙasar bakin hancin, ka zura tsinken a hankali, ka juya, ka yi haka a ɗaya kafar hancin. In jini ya fito, ka matsa da yawa. Tsinke mai sandar roba za ka nema, na katako yana ɓata gwajin. Nan take ka tsoma shi a kwalbar ruwan adana samfur, ka rubuta lamba da kwanan wata, ka sa a kula mai ƙanƙara.

Sanyi nake roƙon ka kula da shi. A digiri 4, kada samfur ya wuce kwana uku bai isa ɗakin gwaji ba, kamar na cibiyar binciken dabbobi da ke Vom a jihar Filato. Kada ka jefa shi a firizar gida. Na taɓa asarar kwalabe goma sha biyu a haka: wuta ta ɗauke, suka narke, ta dawo suka sake daskarewa. Na yini ban iya cin abinci ba.

In kuma ka tarar kaji na mutuwa a gonar, kada ka taɓa su, domin wataƙila murar tsuntsaye ce. Kira likitan dabbobi na jiha a ranar.