Yanda ake zagayen tsofaffin sansanonin yaƙi na Ingila a tsohuwar motar soja

Toh masu tambaya ta yanda ake wannan yawon, ga bayani nan, amma fa tun farko in faɗa muku ba yawon mai gaggawa ba ne. Yankin da nake magana shi ne gabashin Ingila, wato Nofok da Safok har zuwa wajen Kambirij, inda sojan saman Amurka suka zauna daga 1942 zuwa 1945 suna tashi da jiragen bama-bamai zuwa Jamus lokacin yaƙin Hitila. Rundunar su ta takwas kaɗai ta rasa mutum kusan 26,000, kuma filayen jirgin da suka zauna a kusa da juna suke, wani ƙauye ka fita ka shiga na gaba sai ka tarar da wani, shi ya sa zagayen yake yiwuwa a tsohuwar mota.

Fara da maganar motar. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi samu ita ce babbar motar ɗaukar kaya GMC CCKW, sojoji suna ce mata Jimmy, mai ɗaukar tan biyu da rabi, an ƙera sama da 500,000 tsakanin 1941 da 1945. Irin ta ce direbobi, yawancinsu baƙaƙen fatar Amurka, suka dinga jigilar mai da harsasai da ita a Faransa a 1944 dare da rana. Shawarata kar ka ce kai za ka tuƙa. Sitiyarinta a hagu yake alhali a Ingila hannun hagu ake bi, ka ga direba yana can gefen ciyawa ba ya ganin gabansa da kyau in zai wuce wani, ga sitiyarin nauyi kamar kana murɗa dutsen niƙa, giya kuma ba ta shiga sai ka taka kuloci sau biyu kana daidaita totur da kunnenka, tsofaffin direbobin gingimari na wajenmu sun san wannan aikin amma yaran yanzu da suka saba da motar da take canza giya da kanta wallahi ƙarar da za su sa motar ta yi sai mai ita ya yi hawaye. Abun da ake yi shi ne ka nemi masu motocin ta ƙungiyarsu, akwai Military Vehicle Trust mai rassa a yankuna, ko ka je ranar buɗe ɗaya daga cikin gidajen tarihin da aka yi a tsofaffin sansanonin ka same su a can ka yi magana da su. Ka tambayi mai motar kai tsaye ko inshorarsa ta yarda ya ɗauki fasinja, kar ka ji kunyar wannan tambayar. Kuma ka sa hannu a kuɗin mai ko bai nema ba, domin tankinta wajen lita 150 yake ci kuma lita ɗaya da ƙyar take kai ta kilomita 3, ga shi tsofaffin injina ba sa son man E10, wato fetur mai gaurayen sinadarin ethanol, da ya zama gama-gari tun 2021, sai mai tsadar.

Gudunta na ƙarshe kilomita 72 ne a awa, kuma babu mai hankalin da zai kai ta can. Saboda haka wuri uku a rana ya ishe ka, ni biyu ma na fi so. Masu cika takarda da sunayen wurare takwas ƙarshenta a hanya suke wuni ba su ga komai ba.

Kafin ka sa rana duba lokacin buɗewa, nan ne mutane suka fi shan kunya. Yawancin ƙananan gidajen tarihin nan 'yan sa-kai ne suke kula da su, dattawan ƙauye, wasu sai ƙarshen mako suke buɗewa wasu ma sai wata Lahadi a wata, da sanyi ya shigo kuma su rufe sai bazarar can. Tsakanin Mayu da Satumba shi ne lokacin.

In ni zan tsara maka, ka fara da Thorpe Abbotts kusa da garin Diss. Nan ne gidan runduna ta 100, ɗaya daga cikin ƙananan rundunonin da ke ƙarƙashin ta takwas ɗin, masu jiragen B-17, kowane jirgi mutum goma a ciki. Ranar 10 ga Oktoba 1943 jiragensu 13 suka nufi birnin Munsta na Jamus, guda ɗaya tak ya dawo. Hasumiyar da ake ba jirage umarni tana nan an gyara ta, hau saman ta ka tsaya ka kalli gonakin da suka kewaye ka, a nan mutane suka tsaya ran nan suna ƙirga jirage har gari ya yi duhu, ka ɗan yi shiru a wurin kar ka fara ɗaga waya tukuna. Daga nan Horham ba nisa, gidan runduna ta 95, sun gyara tsohon wurin shaƙatawar sojojin har da zanen da suka bari a bango. Sai Parham kusa da Framlingham na runduna ta 390, ko Seething ta arewa inda jiragen B-24 suka zauna kuma har yau ƙananan jirage suna tashi a can. Duxford babban gidan tarihi ne, wuni guda yake so shi kaɗai, ka bar shi wata rana daban ka haɗa shi da maƙabartar sojan Amurka ta Madingley mai kaburbura sama da 3,800 da bango mai sunayen mutum sama da 5,000 da ba a ga gawarsu ba.

Kar ka sa ran ganin bariki a tsaye cik. Bayan yaƙi an mayar wa manoma filayen, an farfasa yawancin titunan jirgin an kwashi kankaren, wasu an gina rumfunan kiwon talotalo a kansu. Abun da za ka gani guntun titi ne ciyawa ta fasa shi, da ɗakunan kwano masu zubin rabin ganga sun yi tsatsa a cikin bishiyoyi. Ka san tsarin tun daga gida, titi uku ne da suka gitta juna kamar harafin A da wata hanya da ta zagaye su, in ka buɗe hoton sama a waya za ka ga alamar har yanzu a cikin gona. Amma gonar mutane ce fa. Ba a shiga sai da izinin mai ita, balle da mota mai nauyin nan da za ta kwashe masa shuka, in an buɗe maka ƙyaure ka rufe bayanka, kuma duk wani tsohon ƙarfe da ka gani a ƙasa ka bar shi inda yake, harsashin da bai tashi ba baya tsufa.

Zaman baya kuma a bencin katako ne ƙarƙashin tamfol, babu bel, babu abin rage girgiza, ka taho da abin zama mai laushi da rigar sanyi ko da ana rana domin iskar filin nan ba ta da mutunci, ga ruwa yana iya saukowa ba sallama. Wanda bayansa ke ciwo ya roƙi gaba. Ƙananan yara a bar su a gida, ɗan ƙasa da shekara uku ma doka ba ta yarda a ɗauke shi a motar da ba ta da bel ba. Guzuri ka yi naka tun daga gari, abin da ake sayarwa a irin tarukan nan yawanci burodi ne da naman alade, shayi da kek kam za ka samu. Ka riƙe darduma da gorar ruwa a jaka, masallaci sai manyan garuruwa kamar Norwich ko Ipswich ko Kambirij, ka faɗa wa direban tun da safe cewa za ka tsaya sallar azahar, dama shi ma yana son tsayawa ya duba ruwan lagireto.

Ka ɗauki tsabar kuɗi ko kati don akwatin gudummawa a bakin ƙofa, da shi suke gyara rufi. In kuma ka ga wani dattijo yana son labari ka zauna ka ba shi naka, ka ce masa Kano da Maiduguri ma zango ne na jiragen da ake haɗawa a Takoradi ana kai su Masar a wannan yaƙin, za ka ga ya gyara zama ya ɗora wani shayin.