Yadda ƴan fim, mawaƙa da marubuta za su sa a gyara dokar da ta matse su

A duk majalisar da ƴan fim ko mawaƙa suka taru a Kano, kukan ɗaya ne: kuɗin rajista ya yi yawa, fim ya daɗe a wurin tacewa, wani ya ɗora waƙar mutum a YouTube yana kwasar kuɗinta. Kukan da ya tsaya a kan benci ko a zauren WhatsApp ba ya isa ofishin kowa.

Ku fara da gano wace takarda ce take matse ku, domin kowacce da ƙofarta. Akwai doka wadda majalisa ta yi, kamar ta 2001 da ta kafa hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano. Akwai ƙa'idojin da ake fitarwa a ƙarƙashin dokar, sai kuma sanarwar da shugaban hukuma ya sa wa hannu. Sanarwa, wanda ya fitar da ita zai iya janye ta a yini ɗaya. Doka kuwa sai majalisa. Satar fasaha ma ba ta jiha ba ce: tsarin mulki ya bar haƙƙin mallaka a hannun tarayya, hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa (NCC) ke kula da shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta riga ta ba mai aiki damar rubuta wa masu shafin intanet su sauke kayansa da aka ɗora ba da izininsa ba. Wanda ya kai wannan kukan majalisar jiha ya yi asarar kuɗin mota.

Daga nan ku zaɓi buƙata ɗaya. "A inganta Kannywood" addu'a ce, ba wanda zai iya sa mata hannu. "A ƙayyade kwanakin da fim zai yi a wurin tacewa, a manna jadawalin kuɗi a ƙofar ofis" abu ne da jami'i zai ce e ko a'a a kai. Ku bi mutum talatin zuwa hamsin ku karɓi kwafin rasit ɗinsu, da ranar da kowa ya kai aikinsa, da ranar da aka ba shi. Wanda ya biya bai karɓi rasit ba, ku rubuta shi daban, kada ku cakuɗa su, don lamba ɗaya da aka ƙaryata ta isa ta zubar da sauran. Takardar kokenku kada ta wuce shafi biyu: su wa ke magana, sashen da ake kuka da shi, hujja, da kalmomin da kuke so a sa a madadinsa. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi mantawa, alhali shi ɗan majalisa ya fi buƙata. Ku nemi lauya ya duba muku shi.

Ƙungiyoyi suna nan, irin su MOPPAN ta ƴan fim da ANA ta marubuta, kuma wasiƙa da kan takardarsu ta fi saurin shiga. Sai dai abin da ya dami furodusa ba lalle shi ya dami mai ɗaukar hoto ko mai kwalliya ko yaron da ke riƙe fitila ba. Ƙananan ma'aikata su kai wa shugabanni buƙatarsu a rubuce da sa hannun kowa. In an yi biris da su, sai su yi rajistar tasu ƙungiyar a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi: za a naɗa amintattu, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta.

Ku kai takarda kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. A majalisar dokoki, koke yana shiga ta hannun ɗan majalisa; Kano tana da 40, ku fara da na mazaɓar da yawancinku suke zaɓe. Idan ƙudiri ne, lokacinku shi ne bayan karatu na biyu, in an miƙa shi ga kwamiti, musamman in an kira zaman jin ra'ayin jama'a. Ku riƙa leƙa sakataren kwamitin, shi ya san ranar. Mutum ɗaya ya yi magana, ya shirya ta minti biyar. Bayan majalisa ta zartar, gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi.

A Arewa akwai ƙofar da ba ta cikin tsarin mulki. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina ƙauyen fim a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka hau mumbari, jama'a suka bi su a rediyo da Facebook, aka janye aikin. Ku je wurin limamai da masu unguwanni tun kafin ku shiga gidan rediyo, ku ce "Allah gafarta Malam, ga abin da muke nema, ga abin da ba ma nema ba." Wanda ya fara jin magana daga bakinku da wuya ya yi huɗuba a kan jita-jita.

Abin da ya fi kashe irin wannan tafiya shi ne ziyarar ban girma: a yi jawabi, a ɗauki hoto, a miƙa ambulan na kuɗin mai, kowa ya watse. Na biyu, a ba jagoran tafiyar muƙamin mai ba da shawara, bakinsa ya mutu. Shi ya sa ainihin takardu za su zauna a hannun sakatare, kwafi a hannun mutum biyu. Zagin jami'i a Facebook kuma yana ba shi hujjar rufe ƙofa. Duk alkawarin da aka yi muku da baki, ku mayar da shi wasiƙa cikin kwana uku: mun gode da zaman ranar kaza, inda aka amince da kaza zuwa ranar kaza. Ita ma a buga mata hatimi, in ranar ta zo ku koma da ita a hannu.