Yadda ake zaman kallon wasan kwaikwayo da matan unguwa

Duk daren Alhamis mu bakwai daga foyandinmu, wato ƙungiyarmu ta mata, muna haɗuwa a tsakar gidana a Birni, nan Damagaram, mu kalli kashi ɗaya na wasan Hausa, mu tattauna. In kina son fara irin wannan zama, ga yadda nake yi.

Ki sauke kashin a waya tun da rana saboda ɗaukewar kuran. Ki zaɓi wanda mace take tsaka mai wuya: auren dole, saki, ko cire yarinya daga lakwal. Tun da tashar talabijin ta Arewa24 ta fara a 2014 irin waɗannan labarai ba sa wuyar samu. Kuma lallai ki gayyato dattijuwa ko da ɗaya ce.

Tambayar farko ita ce gaba ɗayan aikin. Kada ki ce "ta kyauta ko ba ta kyauta ba?" Nan take tabarma za ta rabu biyu, wasu na cewa ba ta da kunya, wasu na cewa ta yi daidai, a tashi ba a ƙaru ba. Ki tambaya: wa ya yanke shawara a kan rayuwarta? Da bakinta ta yi magana, ko wani ya ari bakinta? Sannan ku bi ta har ƙarshen labari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a bar mace ta nemi haƙƙinta kashi goma, a na sha ɗaya a kwantar da ita ciwo, ko a durƙusar da ita tana neman gafara. A nan ake gane ra'ayin marubuci.

Wani dare yarinyar cikin wasan ta ƙi mijin da aka zaɓa mata. Maƙwabciyata, wadda duk muke kira Inna, ta ce, "Wannan ɗiya ba ta da tarbiyya." Na tsayar da wasan na ce, "Inna, da ke kika haife ta, me za ki ce wa mahaifinta?" Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "Ni ba wanda ya tambaye ni." Har ƙarfe goma muna sauraronta.

Za a kawo miki sukar da ake yi a Facebook da wa'azi, cewa maganar haƙƙin mata aƙidar Turawa ce. Kada ki harzuƙa. Ki tuna musu neman izinin budurwa kafin ɗaurin aure, da sadaki, da gado, da kul'i, duk a addininmu suke. Kuma ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar ne da kansu suka fito a Yamai neman kujeru a shirin taron ƙasa.

Amma wata sukar gaskiya ce, ki amsa ta. Matar cikin wasa in ta fita tana da mota da albashi. Tamu tana sayar da ƙosai, tana jiran mai garuwa. Don haka kafin a tashi nakan tambaya: da a Damagaram take, wurin wa za ta fara zuwa, kawunta, mai unguwa, ko alƙali? Sannan in roƙi kowa abin da aka faɗa kada ya ƙetare zaure, don wadda ta buɗe cikinta ta iya dawowa Alhamis mai zuwa.